A Daina Yi wa Tsohuwar Jif Ƙazafi

Akwai mutanen da ba su da sana'a sai ɓata sunan bayin Allah, kuma a 'yan shekarun nan bakinsu ya sauka a kan tsohuwar jif. A majalisar bayan la'asar, a wurin ɗaurin aure, a bencin mai shayi, maganar ɗaya ce: wai tana talauta mai ita, wai wanda ya saye ta ya sayi hawan jini da kuɗinsa. In ka bincika, yawancin masu wannan magana Corolla suke ja, motar da ba ta taɓa koya wa ɗan Adam komai ba. Ka murza makulli ta tashi, ka je inda za ka ka dawo, shekara biyar ba ka san ko bakanikenka ya ƙara aure ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa da mota irin wannan, ina zai sami labarin da zai ba jikokinsa?

Ya kamata wani ya tsaya wa wadda ake zalunta, ni kuwa na ɗauki wannan nauyi. Tunda jif dangi ce babba, zan kama sarauniyarsu, wato Range Rover zubi na uku, wadda aka ƙera a Solihull ta ƙasar Ingila daga 2002 zuwa 2012, masu kayan gyara na kiranta L322. Masu tsohuwar ML da Touareg da Discovery kada su ji an ware su. Kowa ya yanki rabonsa a cikin yabon, zai ishe mu.

Mu mutane ne masu tambayar asali kafin a kai kuɗi, ita kuwa ba ta jin kunyar nata. Kakarta ta fito a 1970. A 1972 guda biyu daga cikin zuriyar suka ratsa dajin Dariyen, ƙungurmin fadamar da ke tsakanin Panama da Kolombiya, inda har yau babu titi. A tseren Faris zuwa Dakar na farko, a 1979, wanda ya bi ta Agadas da Yamai, Range Rover ce ta zo ta ɗaya a rukunin motoci. Marigayiya Sarauniyar Ingila da hannunta take tuƙa irinta a gandunta. Duk wannan tarihi kyauta ake haɗa wa mai saye, kuma yana da amfani ƙwarai, domin mutumin da ke tsaye a gefen titin Zariya yana jiran janwe yana bukatar abin da zai riƙa faɗa wa 'yan kallo.

Ita ta ukun nan kuwa 'yar dangi ce ta ko'ina. Jamusawan BMW, da suka sayi kamfanin Land Rover mai ƙera ta a 1994, su suka zana ta, suka sa mata injinsu da wayoyinsu. Kafin ta fito kasuwa sun sayar wa Amurkawan Ford kamfanin a 2000. Ford suka haƙura da injin Jamus na 'yan shekaru, sannan suka sauya shi da na Jaguar. A 2008 Tata na Indiya suka karɓi gidan gaba ɗaya. Wace mota ce ta haɗa kan ƙasashe huɗu haka? Albarkar wannan zumunci takan bayyana ranar da ta ƙi tashi. Bakaniken BMW zai ɗaga bonet ya ce injin dai nasu ne, sauran na Turawan Ingila ne, a nemi mai Land Rover. Mai Land Rover, wanda ya ƙware a kan tsofaffin nan na 'yan sanda da malaman gona, waɗanda ake gyarawa da guduma da sifana, zai leƙa ya ce wannan aikin rewaya ne. Rewaya ya ce sai an sa mata kwamfuta. Mai kwamfuta yana Apo a Abuja, wayarsa a kashe. Cikin mako guda mai jif ya san mutum huɗu da gari biyu, alhali mai Corolla na zaune a gida bai ƙaru da kowa ba.

Halinta da ya fi burge ni shi ne tawali'u. A 2003 sabuwarta ta haura dala 70,000 a Amurka. Sai ta yi ta saukowa, daga hannu zuwa hannu, zuwa filin gwanjo, zuwa jirgin ruwa, zuwa Legas ko Kwatano, har ta iso inda ƙaramin ɗan kwangila ko wanda ya karɓi garatuti zai ɗauke ta da kuɗin da ba su kai na Corolla 'yar shekara goma ba. Ga kujerun fata, ga katako mai sheƙi a gaban direba, ga tsayi, kana leƙen rufin motocin mutane. Mai gadi ya wangale get bai tambayi wurin wa aka zo ba. A wurin biki maroƙi ya tsallake mai Camry ya nufo ka. Abin nema ya samu.

Sai dai tawali'un nata bai kai ga zubar da mutunci ba. Farashinta ne ya sauko, cikinta na nan yadda aka yi shi. Ba wanda ya gaya wa giyabos ɗinta cewa yanzu a hannun ɗan fansho take, ko an gaya masa ma ba zai rage kwabo ba. Kayan gyaranta na motar dala 70,000 ne, da dala ake sayo su, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023, ta haura 1,500 a 2024. Ni a ganina wannan adalci ne tsantsa. Mutum ya nemi a ɗauke shi attajiri, kuma duk garin ba wanda ya ɗauke shi haka da zuciya ɗaya kamar motar, tunda ita ce ke miƙo masa lissafin attajirai kowane wata.

Wanda bai zauna da ita ba ba zai san ladabinta ba. Sauran motoci a kan sifirin na ƙarfe suke tsaye ƙiƙam, dare da rana, ba gaisuwa. Ita a kan jakunkunan iska huɗu take zaune, waɗanda makanikai ke kira balan-balan. Kwamfureso na ɓoye a but, wurin safaya taya, yana hura su, ga sensa a kowace ƙafa tana auna tsayi tana kai rahoto ga kwamfuta. Da ƙuruciyarta, in ka danna maɓalli sai ta rusuna ka shiga, ta miƙe in hanya ta ɓaci. Da ta manyanta sai ta daina jiran a danna. Robar balan-balan takan bushe ta tsattsage, ga rana ga ƙurar hunturu, iskar ta riƙa zurarewa a hankali cikin dare. Alhaji mai jif ya fito da safe ya tarar ta durƙusa da ƙafafun gaba kamar raƙumin da ke jiran a ɗora masa kantun gishiri. Duk unguwar wace mota ce ke gaida mai gidanta haka? Shi kuma kwamfureso, bawan Allah, ba ya ƙorafi. An yi shi ne ya yi aiki kaɗan ya huta, amma tunda jaka na yoyo sai ya yi ta hurawa har ya ƙone, a sami gyara biyu a maimakon ɗaya. In an canza balan-balan na dama, na hagu, da yake tare aka haife su, ba ya daɗewa bai bi sahu ba. Ranar da abin ya gaji gaba ɗaya sai ta kwanta ruf a kan ƙafafu huɗu, ta riƙa tafiya tana tsalle, kowane rami na isa ƙashin bayan fasinja kai tsaye. Tausa ke nan ba ko sisi.

A ƙarshe bakanike zai fito da shawarar da ya riƙe a ciki tun ranar farko: "Alhaji, mu cire balan-balan ɗin nan mu sa mata sifirin, kowa ya huta." Alhaji ya yarda. Yanzu yana da motar da ya saya saboda laushin tafiya, an cire laushin, an bar masa wuta na ci a dashbod don kada ya manta.

Masu ƙazafi sun fi zaƙewa a kan maganar mai, a nan ne kuma rashin adalcinsu ya fi fitowa fili. Motar ta kai tan biyu da rabi, injinta mai silinda takwas ne, ƙafafunta huɗu duka ja suke koyaushe, ko a kan kwalta. Kamfanin bai ɓoye wa kowa ba: a takarda ma tana shan sama da lita 20 a kilomita 100 na cikin gari, kuma garin Turai ake nufi, ba cunkoson Kantin Kwari da esi a kunne ba. Tankinta na cin kusan lita 100. Daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka ce tallafi ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta kama hawa, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a gidajen mai da yawa. A wancan farashin, cika tanki sau ɗaya ya wuce naira 100,000 ke nan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000 a lokacin. Wace makaranta ce za ta koya wa mutum tsara rayuwa fiye da haka? Mai jif ba ya yawon banza. Ya rage gaisuwar da ba ta zama dole ba. Ya gano ashe masallacin Juma'ar unguwarsu da ƙafa ma ana zuwa. Ya iya zuba na dubu biyar yana kallon gefe, yaron gidan mai na cewa, "Yallaɓai, allurar fa ba ta motsa ba," shi kuwa ya ce gejin ne ke da matsala. Wani lokacin ma gaskiya ya faɗa.

Baƙin mai kuwa, inda ƙaramar mota ke ƙoshi da galan ɗaya, ita sai biyu da ɗoriya, kuma ba ta rowarsa. Takan ɗiga wa ƙasa rabonta ta gaskit ɗin murfin inji, ta yadda mai ita ba ya taɓa mance inda ya ajiye ta jiya.

Injin Jamus na shekarun farko, mai lita 4.4, ya cancanci a zauna a kansa. An tsara shi ya yi aiki da ruwan da zafinsa ya haura digiri 100, don ya ƙone mai sosai ya rage hayaƙi, sannan aka yi tankin ruwan da kawunan lagireto da mahaɗan tiyo da roba. Hikima sai mai ita. Robar da ta shekara ashirin tana dahuwa, a kawo ta Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, sai ta zaɓi ranarta, kuma ba ta zaɓar ranar banza: ranar kai amarya, ko ranar da aka ɗauko surukai daga filin jirgi. Hatta altaneta mai cajin batir, a wannan inji da ruwa ake sanyaya ta, don kada wani sashe ya ji an bar shi a baya in ruwan ya tsiyaye. Makanikanmu, da yake su ma ba a bar su a baya ba wajen ilimi, sukan ba da tasu gudummawa. A cire tamostat a jefar, wai na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya. Injin aluminiyam ya sha gishirin rijiya, ya yi obahitin sau ɗaya, sau biyu, tof-gaskit ya ƙone, ruwa ya gauraya da mai. A nan ne ake jin maganar da ta fi kowace daɗi a bakin mai sayar da kaya: "Gara a sayi wani injin, Alhaji. Akwai ɗan Beljiyam, bai taɓa aiki a Najeriya ba." Gaskiya ne, bai taɓa ba. A can ya gama aikinsa.

A cikin injin akwai sarƙar taimin, wadda ake yabo da cewa ta fi bel ƙarko. Ƙarfe ce, ba ta tsinkewa da wuri. Hanyar da take bi ce aka shimfiɗa da roba, robar kuma in ta tsufa sai ta farfashe ta zube cikin kaskon mai. Motar ba ta yi wa kowa ba-zata. Takan fara da 'yar ƙara da safe, ƙaras-ƙaras, tana sallama, mai hankali ya ƙara muryar rediyo. Robar ba wata tsadar a zo a gani gare ta ba, amma kafin a kai gare ta sai an kwance gaban injin kaf. Kuɗin aiki ya haye na kaya, yaran gareji su sami karatun mako biyu, in an ɗaure kuma a tarar da ragowar noti uku a gwangwani, waɗanda oga zai ce dama don ado Bature ya sa su.

Giyabos kuwa an ce an zuba masa man da zai ishe shi har ƙarshen rayuwarsa, ba sai an canza ba. Alkawarin kan cika daidai, domin ranar da man ya gaji, rayuwar ta ƙare. Akwai kuma haƙoran da ke haɗa farfela da aksil na gaba a motocin 2003 zuwa 2005, waɗanda kan cinye juna har motar ta tsaya cak, inji na kuka, taya ba ta juyawa. Sai da kamfanin ya kira motocin gyara a Amurka saboda wannan. Ko wadda ta iso hannun Alhaji ta amsa kiran, wannan yana cikin sirrin da take riƙe wa masu ita na baya. Ba ta da tsegumi.

Tausayinta kuma a wajen wuta ake ganinsa. Kwamfutoci ne barkatai a jikinta, in batir ya ɗan yi sanyi sai duk su farka su kawo ƙara lokaci guda, na giya, na balan-balan, na burki, na gangara. Wata ma ba ta barci in an kashe mota, sai ta kwana tana tsotsar batir, shi ya sa za ka ga mai jif da sifana a aljihun babbar riga, yana cire kan batir kowane dare bayan isha'i. Da motar ta lura labaran nan na tayar wa mai gida hankali, sai allon saƙonnin ya fara zubar da ɗigon haruffansa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ana jin ƙararrawa, ana ganin an rubuta wani abu, ba mai iya karantawa. Likitoci ma ba kowane sakamako suke faɗa wa majinyaci ba. Da damina kuma ruwa kan sami hanya ya shiga but, daidai kusurwar da aka jera na'urorin rediyo da taswira, ya yi musu wanka.

Wani zai ce ai don muguwar hanya aka saye ta. Haka ne, tana da ƙaramar giyar hawan dutse da ratsa taɓo, da maɓallin sauka gangara. Alhaji bai taɓa taɓa su ba, domin dutsen da ya fi hawa shi ne gadar sama ta Ƙofar Nasarawa. Zama ba aiki kan sa ɗan injin da ke sauya giyar ya daskare, ranar da yaro ya danna maɓallin da wasa sai a nemi janwe. In tafiyar ƙauye ta taso da damina, jif a gida ake barinta a hau Hilux ɗin ƙane ko Golf ta haya, don ba mai hankalin da zai kai ta inda babu sabis ɗin waya. Tayoyinta manya dai suna cinyewa a kan kwaltar gari, kuma huɗun tare ake son a canza su.

Yanzu a ƙirga masu ci a ƙarƙashinta. Bakanike, rewaya, mai kwamfuta, mai faci, mai esi, direban janwe, mai shago a Ƙofar Ruwa, ɗan kamasho a Panteka ta Kaduna, da wani a Ladipo ta Legas da ba a taɓa ganin fuskarsa ba sai murya a waya, wanda ke aiko da kaya a motar dare, a buɗe kwali a tarar na zubin Jaguar ne alhali na zubin BMW ake nema, a mayar, a sake biyan kuɗin mota. Har da yaron garejin da ya kwashe indomin salansa ya sayar saboda ƙarafa masu tsadar da ke ciki, ya ce dama toshewa ya yi. Gwamnatoci sun yi ta fito da shirin rage talauci, ba wanda ya kai kuɗi hannun mai ƙaramin ƙarfi, ba fom ba layi, yadda tsohuwar jif guda ɗaya ke kaiwa. Ana cewa araha ba ta ado. Mai faɗar haka bai shiga gidan bakaniken da ya yi fenti ya sa tayil daga mota ɗaya ba.

A cikin gida ma ta kawo gyara. Hajiya ta daina zargin inda Alhaji ke yini, ta san yana gareji a kan benci ƙarƙashin dalbejiya, an sayo masa ruwan leda. Zancen ƙarin aure ya mutu murus, ba faɗa ba yaji, kuɗin lefe na cikin giyabos. 'Yan'uwa masu aron mota ranar biki sun ɗauke ƙafa tun da ta mutu wa ɗayansu a tsakiyar jerin gwano. Yara sun koyi turi, kuma mai tura tan biyu da rabi ba ya bukatar wani motsa jiki. Sun koyi hawan adaidaita sahu, ƙaramin ma ya iya amsa wa baƙi ba tare da an koya masa ba: "Baba ya fita, motar na wurin gyara." Shi kansa Alhaji tumbi ya ragu, ilimi ya ƙaru. Mutumin da bara bai san inda ake zuba ruwan gilashi ba, bana yana gardama da rewaya a kan sensa.

Kuma ba ta yarda alherinta ya ƙare a gida ɗaya. Bayan shekara biyu ko uku Alhaji zai kira dillali. A wanke ta, a shafa wa tayoyi mai, mai kwamfuta ya goge laifuffukan da ta tara, a ajiye ta a bakin titi da galan a kan rufi. Kuɗin da za a taya ba su kai abin da ta ci a hannunsa ba, amma Alhaji ba ya lissafi da 'yar gida. Ba a daɗewa wani zai tsaya, sabon kansila ko wanda gado ya faɗo wa, ya zagaya ta sau biyu, ya buɗe ƙofa ya shaƙi ƙamshin fata, ya tambaya ko tana da matsala.

"Matsala?" in ji dillali. "Haba ranka ya daɗe. Dubi rasiɗan nan. Inji an canza, giyabos an canza, lagireto sabo, batir sabo. Ba abin da mai ita bai yi mata ba. Kai dai hawa kawai za ka yi."

"To me ya sa zai sayar?"

"Wata zai saya. Irinta ce, amma ta 2010, mai sufacaja."